Idan Hadari Ya Haɗo a Filin Kurket

Daga cikin manyan wasannin da ake yi a sarari, da wuya a sami wanda ruwan sama yake yi wa cikas kamar kurket, wasan da ya samo asali a kudu maso gabashin Ingila, ya kuma bi sawun mulkin Birtaniya zuwa Indiya da Ostireliya da Afirka ta Kudu da tsibiran Karebiyan. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya saba ganin 'yan wasa suna fafatawa jiƙe sharkaf har alƙali ya hura usur na ƙarshe. Amma a kurket, da zarar yayyafi ya ɗan yi ƙarfi, sai alƙalan wasa biyu su haɗa kai su tsayar da wasa, 'yan wasa su ruga ɗakin sauya kaya, ma'aikatan fili su jawo tamfol, a bar dubban mutanen da suka sayi tikiti zaune, babu mai iya gaya musu ko bayan minti goma za a dawo ko kuwa sai gobe. Nauyin wannan zama ko sauƙinsa ya rataya ne a kan yawan abin da ɗan kallo ya fahimta daga abin da ke gudana a gabansa, domin sa'o'in da ruwa ya ci sa'o'i ne na aiki da lissafi da yanke hukunci, kuma sau da yawa a cikinsu ake ƙulla sakamakon wasan.

Dalilin tsayar da wasa yana tsakiyar fili. A can akwai wani zirin ƙasa mai tsawon yadi 22, wato mita 20 da 'yan kai, da faɗin kimanin mita 3, wanda ake aske ciyawarsa, a yi kwanaki ana bi ta kansa da rola mai nauyi har ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. A kowane ƙarshen zirin an kafa sanduna uku da ake kira wiket, kuma aikin mai jifa shi ne ya taho a guje ya wurga ƙwallo ta daki zirin ta tashi ta nufi sandunan don a fitar da mai duka daga wasa, yayin da mai duka yake tsaye da faffaɗan katako yana kare su, yana kuma neman maki. Ƙwallon tana da tauri, domin ɓawon itace ne aka naɗe da zare aka lulluɓe da fata, nauyinta ya kai kimanin giram 160, kuma ƙwararrun masu jifa sukan wurga ta da gudun da ya haura kilomita 140 a sa'a. Idan zirin ya jiƙe, musamman idan rana ta fara busar da samansa alhali ƙarƙashinsa da laushi, ƙwallon takan tashi ta inda ba a zata ba, wani lokaci ta nufi fuska ko yatsun mai duka; fatar kuma takan sha ruwa ta riƙa suɓucewa daga hannu, mai jifa yana iya zamewa a daidai inda yake dira ƙafarsa da dukan nauyinsa. Dokokin wasan, waɗanda kulob ɗin Marylebone da ke filin Lord's a Landan yake riƙe da su, sun danƙa hukuncin yanayi a hannun alƙalai kaɗai, amma sun kuma fayyace cewa jiƙewar ciyawa da ƙwallo kawai ba ta isa hujjar hana wasa ba, sai idan akwai haɗari na zahiri ko kuma ci gaba da wasan ya saɓa wa hankali. Wannan sharaɗi yana da amfani ga ɗan kallo, domin da shi zai bambance jinkirin da ya zama dole da wanda ya wuce gona da iri.

A da ba kullum ake rufe zirin ba. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, al'adar Ingila ita ce a bar shi a buɗe idan an fara wasa, ruwa ya yi masa yadda ya so, kuma akwai masu jifa da suka yi suna saboda iya cin moriyar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babu wanda ya kai Derek Underwood a wannan fage, har abokan wasansa sukan ce Ingila tana tafiya da shi ne saboda ranar ruwa. A ranar 27 ga Agustan 1968, a filin Oval da ke Landan, Ingila tana neman fitar da mutum biyar da suka rage wa Ostireliya sai ruwa ya ɓarke dab da hutun cin abincin rana, fili ya zama tafki. Da gari ya washe, 'yan kallo suka sauko daga kujerunsu suka taya ma'aikata aiki, wasu suna soka ƙarafa a ƙasa don ruwa ya sami hanyar nutsewa, wasu suna tsane shi da barguna da tsintsiya. Aka koma wasa da ƙarfe biyar saura kwata, saura minti 75 a tashi, Underwood ya kammala da fitar da mutum 7 a jimilla a kan maki 50, Ingila ta yi nasara ana saura 'yan mintoci. A yau ba a barin ɗan kallo ya taka fili a manyan wasanni, kuma an daina barin ziri a buɗe, amma ranar ta nuna a sarari cewa wanda ya tattara ya tafi gida da ganin tafki a fili yana iya rasa abin da za a daɗe ana labarinsa.

Ɓarnar da ruwa yake yi ta bambanta gwargwadon nau'in wasan. Mafi daɗewa shi ne wanda ake kira Tes, wanda yake ɗaukar kwana biyar, a kowace rana a yi kimanin sa'a shida, a jefa zubi 90, zubi kuwa shi ne jifa shida da mutum ɗaya yake yi a jere kafin wani ya karɓa daga ɗaya ƙarshen. A Tes ba a lissafa wa kowa nasara da ƙiyasi: idan kwana biyar suka ƙare ba a gama ba, an tashi babu mai nasara, ko da ɓangare ɗaya ya yi wa ɗayan fintinkau. Haka ta faru a watan Yulin 2023 a Old Trafford, filin kurket na Mancesta, wanda yake kusa da filin ƙwallon ƙafa mai irin wannan suna amma daban yake da shi. Ingila ta ci maki 592 a kan 317 na Ostireliya, amma zubi 30 kacal aka samu a kwanaki biyu na ƙarshe, ranar ta biyar ma ko jifa ɗaya ba a yi ba, da haka Ostireliya ta riƙe kofin Ashes da ƙasashen biyu suke takara a kai tun ƙarni na 19. A wannan fili dai aka soke wasan Tes ɗungurungum a 1890 da kuma 1938. Ruwa ne kuma ya yi sanadin wasan yini ɗaya na farko tsakanin ƙasashe, domin bayan ya cinye kwanakin farko na Tes a Melbourne, hukumomi sun shirya gajeren wasa a ranar 5 ga Janairun 1971 don su rage asara su kuma faranta wa jama'a, sai mutum kimanin 46,000 suka hallara. Daga nan wasan zubi 50 ya bunƙasa, daga baya aka sami na zubi 20, wanda ake gamawa cikin sa'a uku da 'yan kai.

Tsohon ɗan kallo idonsa yana kan ma'aikatan fili fiye da sararin sama, domin motsinsu ne yake fara ba da labari. Idan sun taru a bakin igiyar iyaka hannuwansu a kan tamfol alhali ana cikin wasa, to na'urar hangen hadari ta nuna musu abin da ke tafe. Idan ziri kaɗai suka rufe da rumfar nan mai ƙafafun taya, ko wadda iska ke ɗagawa ta yi shawagi a kan ciyawa, alama ce ta ruwa mai wucewa. Idan kuwa suka shimfiɗa manyan tamfol har kan hanyar gudun masu jifa da dukan tsakiyar fili, zaman zai yi tsawo. Bayan ruwa ya ɗauke, sai a fito da wata mota mai ganguna naɗe da soso, wadda aka ƙirƙira a Ostireliya a shekarun 1970, tana tsotse ruwan da ya kwanta a kan tamfol da ciyawa. Mutum biyu ko wata ƙaramar mota su ja doguwar igiya a kan ciyawa don kakkaɓe ɗigon da ya maƙale. A zuba garin katako a wuraren da masu jifa suke dira ƙafa. Cire tamfol kansa aiki ne na hankali, domin idan aka yi garaje ruwan da ke kansa ya kwarara kan ziri, an ɓata aikin sa'a guda. Sannan alƙalai su fito, su danna ƙasa da tafin takalmi ko tsinin lema, su yi shawara da shugaban ma'aikata, a sanar ta lasifika ko dai lokacin komawa wasa ko lokacin da za su sake dubawa. Sanarwar sake dubawa ita ce mai karya gwiwa, don takan maimaitu sau uku ko huɗu a yini.

Tsawon wannan jira ya danganta da abin da ke ƙarƙashin ciyawa, wanda ido ba ya gani. Bayan kakar 2002 an kwashe ƙasar yumɓu ta filin Lord's aka maye gurbinta da mai yashi da magudanai, shi ya sa a yau ruwa yakan nutse cikin ƙanƙanin lokaci. Filin Chinnaswamy na Bengaluru a Indiya ya kafa a 2017 wata na'ura mai zuƙe ruwa ta bututun da aka binne a ƙasa. Siri Lanka, inda ruwa yake sauka kamar da bakin ƙwarya, ta bi hanyar ƙarfin mutane: ma'aikata masu ɗimbin yawa sukan rufe fili gaba ɗaya da tamfol, su danne gefunansa da tsofaffin tayoyi. A gasar kofin Asiya ta 2023 aikinsu ya ceci wasanni da dama, har hukumomi suka ba ma'aikatan Colombo da Kandy kyautar dala 50,000, shi kuma Mohammed Siraj na Indiya ya miƙa musu dala 5,000 da ya samu a matsayin gwarzon wasan ƙarshe. A ɗaya gefen kuma akwai abin da ya faru a Greater Noida kusa da Delhi a watan Satumban 2024, inda aka soke Tes tsakanin Afganistan da Niyu Zilan ba a yi jifa ko ɗaya ba a kwana biyar, har aka ga ma'aikata suna busar da ciyawa da fanka. Wannan ba laifin sama kaɗai ba ne, kuma ɗan kallon da ya ɗora alhakin a kan masu fili bai zalunce su ba.

Game da guzuri, kakar kurket a Ingila tana farawa ne a Afrilu ta ƙare a Satumba, kuma a farkonta da ƙarshenta ruwa yakan zo da sanyi mai ratsa ƙashi ga wanda zai zauna sa'a shida ko bakwai a kan kujerar roba. Rigar ruwa mai hula ta fi lema amfani, domin lema tana tare wa na baya gani, tana kuma zuba wa na kusa ruwa a wuya, ga shi wasu filayen ba sa barin a shiga da ita. Waɗanda suka saba sukan zo da leda babba ta rufe jaka da kujera, da safa busasshiya, da rigar sanyi da za a ɗora ko a tuɓe gwargwadon juyawar gari, da filas na shayi. Kujerun da ke ƙarƙashin rumfa sun fi tsada kuma su ake fara sayewa, saboda haka mai kujerar sarari yana bukatar ya san mafakarsa tun kafin hadari ya iso. Sha'anin tsawa kuwa daban yake da na yayyafi, domin filin kurket wuri ne buɗaɗɗe mai dogayen turakun fitila na ƙarfe. Sauti yana cin kimanin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, don haka tsawar da ta biyo walƙiya cikin daƙiƙa 30 tana nufin hadarin bai wuce nisan kilomita 10 ba, kuma shawarar masana ita ce a shiga cikin gini, kada a fake ƙarƙashin bishiya, a kuma dakata minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Al'adar wasan ta tanadi abokan hira na irin wannan lokaci. Shirin rediyon BBC mai suna Test Match Special, wanda aka fara a 1957, ya yi suna da hirarrakin da masu sharhi suke yi idan ruwa ya tsayar da wasa, inda sukan shiga tarihi da labaran tsofaffin 'yan wasa, kuma mutane da yawa a fili suna sauraronsa ta ƙaramar rediyo a kunne, ta nan ma sukan riga maƙwabtansu jin hukuncin alƙalai. A Lord's akwai gidan tarihi inda aka ajiye ƙaramin tulun Ashes, yara kuma sukan kafa nasu wasan da ƙwallon tanis a bayan rumfuna.

Inda fahimta ta fi yi wa ɗan kallo rana shi ne gajerun wasanni, domin a nan ana ƙoƙarin a fitar da mai nasara a ranar. Lokacin da ruwa ya ci, bayan ɗan rangwamen da aka ware, ana zabtare shi ne daga yawan zubi, kimanin zubi ɗaya a kowane minti huɗu da 'yan kai, kuma sai ƙungiyar da ta yi duka daga baya ta sami aƙalla zubi 20 a wasan zubi 50, ko zubi 5 a na zubi 20, kafin a ce an yi wasa. Daga nan mai lissafi zai iya gane wa'adin ƙarshe, wato lokacin da idan ya wuce ba a fara ba to an soke. Abin da ya fi wuya shi ne yawan makin da ya dace a nema daga ƙungiya ta biyu idan an rage mata zubi. Tsohuwar ƙa'ida ta sha kunya a Sydney ranar 22 ga Maris 1992, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya, lokacin da Afirka ta Kudu take neman maki 22 daga jifa 13 a hannun Ingila. Ruwa ya sauka na minti 12, da aka dawo sai allon fili ya nuna maki 22 daga jifa ɗaya, alhali duka mafi kyau maki 6 yake bayarwa. Wasu masana ƙididdiga biyu 'yan Ingila, Frank Duckworth da Tony Lewis, suka fito da sabon tsari da aka fara amfani da shi ranar 1 ga Janairun 1997 a wasan Zimbabuwe da Ingila, hukumar kurket ta duniya ta karɓe shi a 1999, sannan a 2014 aka ƙara sunan Steven Stern na Ostireliya, wanda ya gaji kula da shi, ya zama DLS.

Tushen tsarin shi ne cewa ƙungiya mai duka tana da jari iri biyu, wato jifan da suka rage mata da mutanen da ba a fitar ba, kuma ƙimar kowanne ta danganta da ɗayan. A tsohon jadawalinsu, ƙungiyar da take da zubi 25 da dukan mutanenta tana riƙe da kimanin kashi 66 cikin 100 na jarin cikakken wasa, ba rabi ba, domin mai ɗan gajeren zango yana iya duka ba tare da tsoron a fitar da shi ba. Idan hadari ya haɗo ana cikin wasa, allon fili yakan nuna makin daidaito, wato adadin da idan aka tsaya a kansa an yi kunnen doki, kuma adadin yana tsalle sama duk lokacin da aka fitar da mutum. Kuskuren maki ɗaya a nan ya fitar da Afirka ta Kudu daga kofin duniya na 2003 a gidanta: a Durban, Mark Boucher ya daki jifan Muttiah Muralitharan na Siri Lanka ya ci maki 6, jimilla ta kai 229, ya ɗauka an wuce, ya tare jifa na gaba bai nemi maki ba, ruwa ya tsayar da wasa, ashe 229 makin daidaito ne, 230 ake bukata.

Batun kuɗi shi ne inda haƙurin ɗan kallo ya fi cancantar a saka masa da adalci. A wasannin Tes na Ingila, ƙa'idar ita ce a mayar da kuɗin tikiti gaba ɗaya idan zubin da aka yi a ranar bai wuce 15 ba, a mayar da rabi idan ya tsaya tsakanin wannan da kimanin 30, abin da ya haura haka kuwa babu komai, ko da bai kai rabin abin da aka saya ba. Kuɗin jirgin ƙasa da masauki da ranar aikin da aka bari duk suna wuyan mai su. Ranar ko-ta-kwana, wato ƙarin rana da ake warewa don kammala wasa, ba kowane wasa ake yi wa ita ba. A kofin duniya na 2019 a Ingila wasanni huɗu sun tashi babu sakamako, a 2020 kuma an fitar da matan Ingila a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na mata a Sydney ba su taɓa ƙwallo ba, saboda Indiya ta fi su matsayi a rukuni. Ko inda aka ware ranar, wahala takan koma kan jama'a: wasan ƙarshe na gasar IPL ta Indiya ta 2023 a Ahmedabad an ɗage shi daga 28 zuwa 29 ga Mayu, aka ga masu kallo kwance a tashar jirgin ƙasa, kuma bai ƙare ba sai bayan ƙarfe ɗaya na dare. Abin da ya fi jiƙewa ɓata rai shi ne a bar mutane cikin duhu alhali rana ta fito. A 1980, a wasan cika shekara ɗari da fara Tes a Ingila, alƙalai sun yi ta duba filin Lord's suna ɗage lokaci har wasu membobin kulob ɗin suka cakumi ɗayansu, David Constant. Cin zarafin alƙali ba shi da hujja, amma bayani dalla-dalla ta lasifika, na wane sashe ne ya jiƙe da kuma lokacin da ake sa ran ya bushe, haƙƙi ne na wanda ya biya kuɗinsa.

Rufe fili da rufi, kamar yadda aka yi wa wasu filayen tanis, yana da tsadar gaske, domin faɗin filin kurket yakan kai mita 140 ko fiye, ƙwallo kuma tana tashi sama ƙwarai, ko da yake an yi wasan ƙasa da ƙasa a ƙarƙashin rufi a Melbourne a watan Agustan 2000 tsakanin Ostireliya da Afirka ta Kudu. Najeriya ma ta ɗanɗani hukuncin ruwa a dandalin duniya. A watan Janairun 2025, a gasar kofin duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19 da aka yi a Maleshiya, wasan farko na 'yan matan Najeriya da Samowa a birnin Kuching ya tashi ba a yi jifa ba. Bayan kwana biyu, jiƙewar fili ta sa aka rage wasansu da Niyu Zilan daga zubi 20 zuwa 13, Najeriya ta ci maki 65, Niyu Zilan ta tsaya a 63, kuma makin wannan nasara da na wasan da aka soke ne suka kai su zagaye na gaba.